Shekarar da Kopi Ya Zaɓi Gida

Ladi da Ishaku, wannan babin naku ne ku biyu, amma Ishaku ya fi buƙatarsa. Tun da babanku ya rasu na lura duk sanda hirar tsohon gidanmu na Taman Melati ta taso, sai Ishaku ya ce, wai da wasa, “Ai Baba ne ya kyautar mini da kare ina makaranta.” Sai a yi dariya a wuce. Ni ba na dariya, don na san abin da ke kwance ƙarƙashin wasan, kuma wanda ake ɗora wa laifin ba ya nan balle ya wanke kansa. Ko da ransa ma ba mai dogon bayani ba ne, kun san halinsa. Ni ce na riƙe igiyar karen nan a waccan shekara, don haka ni zan faɗa muku yadda aka yi.

Ishaku, kana sakandare ka tsinto shi a lambatu bayan wani ruwa mai ƙarfi, ka naɗo shi a rigar makaranta yana rawar ɗari. Launinsa kamar kofi da madara, shi ya sa kuka sa masa Kopi, yadda mutanen Malesiya ke kiran kofi. Babanku ya dawo daga aikinsa a jami’a ya tarar da ku a tsugune kuna ba shi madara a murfin kwano. Ya tsaya da jakarsa a hannu ya ce,

“Mu baƙi ne a ƙasar nan, baƙin ma baƙaƙe. Maƙwabtanmu dama da hagu Musulmi ne, kare ba abin wasa ba ne a wurinsu. Ranar da ya taɓa tufar wani, ranar zai bar gidan nan.”

Ba mugunta ba ce ta sa ya faɗi haka. Mu da muka taso a Kagoro mun san kare yana yawonsa a gari, ya bi mai shi gona, ya dawo da yamma. Amma a nan gidaje manne suke da juna, bango ɗaya ya raba kicin ɗinmu da na maƙwabta, kuma babanku mutum ne da bai taɓa son a ce ɗan Najeriya ya yi kaza ba. Sai aka kafa doka. Kopi zai zauna a bayan kicin da sarƙa, wurin da nake shanya. Za a fita da shi da sassafe kafin mutane su fito, da gajeriyar igiya, a bi hanya ɗaya, a kai ƙarshen layi a juyo. In ya tsaya shinshina wani abu a ja shi. In baƙi sun zo daga coci a shigo da shi ya zauna, ya ba da hannu, yara su shafa shi, a mayar da shi. Muddin kuna gida abin bai dame shi sosai ba, don Ishaku yakan zauna da shi a bayan kicin yana karatu, Ladi kuma tana satar masa ƙashin kaza.

Sai shekarar da gida ya watse. Ishaku ya tafi jami’a a Penang, Ladi ta samu aiki mai fita da duhu a dawo da duhu. Aka bar ni da Kopi, ni a ciki shi a waje. Da farko kuka ya fara, ba haushi ba, wani dogon kuka mai ratsa bango, yana farawa da hantsi har la’asar. Daga nan ya kama lasar ƙafarsa ta gaba har gashin ya zube, wurin ya zama ɗanyen nama. Na sa magani, na ɗaure da tsumma, ya kwance. Na yi tsawa, na yi lallashi, duk a banza.

Wata rana da azahar Kak Ros, maƙwabciyarmu ta hannun dama, ta buga get da farantin ƙananan waina irin tasu. Mace ce mai kunya, ta daɗe tana zagaye-zagaye kan zafi da ruwan sama kafin ta kai ga abin da ya kawo ta. Mahaifiyarta tsohuwa ce, tana kwance ba lafiya, kuma ɗakinta ne ke kallon bayan kicin ɗinmu.

“Ki yi haƙuri, ’yar’uwa, ni ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Amma tsohuwa ba ta samun barcin rana. Kuma na ji wasu a layin nan suna maganar kiran hukuma. Na ce bari in zo da kaina kafin abin ya kai haka.”

Na karɓi farantin. Kowa ya san in motar hukuma ta zo ta ɗauki kare, da wuya mai shi ya sake ganinsa yadda ya san shi. Da babanku ya dawo na gaya masa, sai ya ce a gajarta sarƙar, a sayo abin rufe baki. Na ce a bari in fara kai shi asibitin dabbobi saboda ƙafar.

Likitar wata Ba’indiya ce mai furfura. Ta duba ƙafar, ta duba kunne da haƙora, ta ce babu wata cuta, damuwa ce ke cin sa. Ta tambaye ni yadda yake yini, na zayyana mata ina ma alfahari da tsarinmu. Ta saurara har na gama, sannan ta ce,

“To, a cikin yinin nan duka, wane abu ne shi yake zaɓa da kansa?”

Na yi dariya, don na ɗauka wasa take. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in samo doguwar igiya, in fita da shi ba tare da gaggawa ba, in bar shi ya nuna hanya, ya shinshina abin da ya ga dama har ya ƙoshi. Ta ce in cire sarƙar, ya kwanta inda ya so, in kuma ya kau da kai daga mai son shafa shi a ƙyale shi. A tasi muna dawowa na yi ta juya tambayar, ban samo amsa ko ɗaya ba. Ko fitsari sai lokacin da muka ga dama yake yi.

Ranar an yi muhawara a kan tebur. Ladi tana nan, za ta tuna.

“Kare ne zai ja ragama, ke kina bin sa a baya? Saratu, in mutanen Kagoro suka ji ai sun samu abin hira har Kirsimeti.”

“Baban Ladi, mun gwada taka shekara da shekaru, ga inda ta kawo mu. A ba ni wata ɗaya.”

“In ya shiga gidan mutane fa? In ya tunkari masallaci?”

“Igiya tana hannuna. Zaɓi zan ba shi, ba gari ba.”

Ladi ta sa baki da Turancinta da rabin Hausa, har da “lah” ɗin da ’yan Malesiya ke ƙarawa a magana, ta ce, “Baba, a gwada lah, me za a rasa?” Babanku ya tsame hannu daga tuwo, ya ce in abin ya ɓaci kada a kira sunansa. A wurinsa wannan amincewa ce.

Ba zan manta fitarmu ta farko ba. Na sayo igiya mai tsawo a kantin kayan gini, na ɗaura masa, na buɗe get, na tsaya. Shi ma ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi titi, ya sake duba na, yana jira a ja shi. Ni kuma na ƙi motsi. Mun daɗe a haka kamar baƙi biyu da kowa ke cewa ɗan’uwansa ya fara shiga ɗaki. Can ya taka a hankali ya nufi hagu, alhali kullum dama muke bi. Ya isa gindin wani turken fitila ya kafa hanci, ya yi ta shinshina har ƙafata ta gaji da tsayuwa. Raina ya yi ta ce mini in ja shi, na cije. Ranar ko ƙarshen layi ba mu kai ba, amma da muka dawo ya sha ruwa, ya zagaya falo, ya zagaya kicin, ya zaɓi ƙarƙashin matakalar bene inda tayil ke da sanyi, ya miƙe ya yi barcin da ban taɓa ganin ya yi ba, har da minshari.

Ban sake masa komai da komai ba, kada ku ɗauka haka. Gefen gidan Kak Ros ba a bi, hanyar ƙaramin masallacin unguwa ma ba a bi, in na hango mutum tafe sai in naɗe igiyar mu raɓe. Amma duk mararrabar da muka isa sai in tsaya in ce, “To, malam, ina muka nufa?” Ya ɗaga hanci ya auna iska, ya zaɓa. A gida na ajiye masa ruwa a wuri biyu, na bar ƙofar baya a buɗe, ya shiga ya fita. Ranar Lahadi da matan zumunta suka zo da yaransu, ya leƙo ya ga taro ya koma ƙarƙashin bene, wani yaro ya bi shi zai jawo shi, na ce a bar shi, yau ba ya son gaisuwa. Matar fasto ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Maman Ladi ta mayar da kare mai gida. Na bar ta da dariyarta. Abin mamaki, da aka daina tilasta masa, shi da kansa yakan fito daga baya ya kwanta kusa da yaran.

Kafin watan ya cika kukan ya ɗauke. Ƙafar ta bushe, gashi ya fara tsirowa. Wata safiya ina shara Kak Ros ta leƙo ta kan katanga, fuskarta da damuwa.

“’Yar’uwa, ba dai saboda maganata kuka rabu da karen ba? Ban so haka ba.”

Na ce ta leƙa ta taga. Yana kwance a falo ƙafafu sama. Ta dafe ƙirji tana dariya, ni kuwa na shiga ɗaki na durƙusa na gode wa Ubangiji, don sai a lokacin na san irin nauyin da nake ɗauke da shi.

Yanzu ga abin da ba ku gani da idonku ba. Da Kopi ya gama sanin unguwa, sai zaɓinsa ya fara komawa wuri ɗaya. Kowace safiya sai ya bi ta bayan filin wasan yara ya ɓulla wani layi, ya tsaya a get ɗin wani gida da ke kan kwanar layin, mai ciyawa da bishiyar mangwaro. Mai gidan wani tsoho ne ɗan asalin Sin, kowa na kiran sa Ankul Tan. Matarsa ta rasu, ’ya’yansa suna ƙasashen waje, karensa da suka tsufa tare shi ma ya mutu. Ranar farko na ba shi haƙuri ina ƙoƙarin jan igiya, sai ya taso daga kujerarsa ya buɗe get.

“Boleh, boleh, ba komai, bar shi ya shigo. Ƙanshin tsohon abokina yake ji.”

Bai kira Kopi ba, bai miƙa masa hannu ba, ya koma ya zauna da jaridarsa. Kopi ya zagaye ciyawar nan kaf, ya yi birgima, sannan ya je ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar tsohon. Tun daga ranar ya zama al’ada. Ankul Tan yakan zuba mini shayinsu marar sukari, mu yi hira da guntun Turanci da guntun Malayanci, Kopi yana tsakaninmu. In na tashi tafiya sai ya yi kamar bai gani ba. Zan faɗa muku gaskiya, abin ya sosa mini rai. Ni ke dafa masa, ni na yi jinyar ƙafarsa, ni na yi faɗa da mijina a kansa, ga shi yana nuna mini gidan wani ya fi.

Ana cikin haka mai gidan da muke haya ya ce zai sayar, mu nemi wuri. Muka shiga nema. Wani ya ji muryar babanku a waya ya ce an riga an kama, wani ya yarda da mu bai yarda da kare ba. Abin da ya samu kusa da aikin babanku shi ne bene a Wangsa Maju, wannan da nake zaune ciki yanzu, kuma dokarsu a rubuce take a bakin lif, na’urar hawa bene, ba a ajiye kare. Ishaku, ka tuna abin da ka ce a waya.

“Mama, kowa yana ɓoyewa. A sa shi a jaka a hau da shi, wa zai sani?”

Na ce karen da ya ɗanɗana iska ba zan mayar da shi kurkuku a hawa na sama ba, yana fitsari a kan jarida. Ka kashe wayar.

Abin da ba ka sani ba shi ne babanka ya samo wani gida a Rawang, mai fili, mai shi kuma bai damu da kare ba. Nisa ne sosai, ga cunkoson motoci safe da yamma, ga hawan jininsa, ga idonsa da ya fara ba shi wahala in duhu ya yi. Na ce ba zai iya ba. Ya ce,

“Yaron nan ya bar mana amana. Ba zan so ya dawo hutu ya tarar da gida babu karensa ba. Zan riƙa fita da wuri.”

Mutumin da ka ce ya kyautar maka da kare ke nan. Har ya sa ranar zuwa sa hannu. Ni ce na kawo maganar Ankul Tan, na gaya masa yadda Kopi yake yi kowace safiya, da yadda tsohon ya ce in mun rasa yadda za mu yi, ƙofarsa a buɗe take. Babanku ya dube ni ta saman tabarau.

“To, ke da kika ce yana da ra’ayi, ai sai a tambaye shi.”

Na ɗauka gatse ne. Ashe da gaske yake. Ranar Asabar ya sa takalminsa ya biyo mu, karo na farko da ya taɓa fita yawo da Kopi. Muka isa, aka gaisa, aka sha shayi. Da muka tashi na kwance igiyar daga wuyansa, Ankul Tan ya bar get a buɗe, layin kuma ba kowa. Muka fita muka fara tafiya. Na juya na kira shi sau ɗaya, da muryar da nake kiran sa cin abinci. Ya taso da gudu ya iso gare ni, ya lashi hannuna, zuciyata ta yi tsalle. Ya bi mu kaɗan. Sai ya tsaya a tsakiyar titi, ya dube mu, ya waiga ya dubi tsohon da ke tsaye bai ko kira shi ba. Ya kaɗa wutsiya kamar mai ba da haƙuri, ya juya a hankali ya koma ya kwanta a gindin mangwaro.

Na san kare bai san Rawang ba, bai san dokar bene ba, bai san za mu tashi ba. Babanku ma ya faɗi haka, ya ce ba a yanke shari’a da shaida ɗaya. Don haka muka maimaita a ranaku daban-daban, da safe da yamma, har da ranar da na riƙe soyayyen kifi a leda. Ya zo ya karɓi kifin ya koma da shi can. Muka bar shi ya kwana, da safe na je da tunanin zan tarar ya yi ta kuka, na tarar da su biyun suna ba fulawa ruwa. Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma a cikin abin da ya sani ya zaɓa. Babanku ya kira mai gidan Rawang ya ba shi haƙuri. Ya ce kada in gaya maka maganar Rawang, don kada ka ji kamar an auna lafiyar ubanka da karenka. Shi ya kira ka da kansa ya ce, “Na yanke shawara, Kopi zai zauna wurin wani tsoho.” Ya ɗauki fushinka ya riƙe shi kaɗai. Hutu biyu ba ka zo gida ba, da ka zo kuma ka ƙi taka Taman Melati. Ya ji zafin abin, ni shaida ce, amma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Ni ma na biya nawa. Watannin farko a bene nakan farka da sassafe in rasa abin yi da ƙafafuna. Nakan ajiye ƙashi a gefen faranti sannan in tuna. Kuma tsoro bai bar ni ba: ko ya koma lasar ƙafa, ko yana zaune a bakin get yana jiran mu, ko na yaudari kaina ne don in sauƙaƙa mana. Na kasa zuwa dubawa don gudun abin da zan gani.

Babanku ne ya gaji da ganina haka. Wata Asabar ya ce in shirya, muka hau jirgin ƙasa, tafiyar ba nisa. Tun daga kwanar layin Kopi ya ji mu. Ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi, ƙafar nan ko tabo babu. Ya yi ta zagaye ni yana kukan murna, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya daka tsalle ya dafa farar rigar babanku da ƙafafunsa masu taɓo. Babanku ya dubi rigar, ya dubi karen, sai ya tsuguna a hankali saboda gwiwarsa, ya kama kunnuwansa biyu yana murzawa.

“Kai, mutumin banza. Ka samu wuri ko?”

Da za mu tafi Ankul Tan ya ɗauko doguwar igiyar nan tawa, suka rako mu. Kopi yana gaba, tsohon yana bin sa, mu muna gefe. Da muka kai mararrabar da ke fita babban titi sai Kopi ya tsaya, ya zauna, ya dube mu muna tsallakawa. Muna isa ɗaya gefen ya miƙe ya juya, ya ja tsohonsa suka nufi gida, ko waige bai yi ba.

“To,” in ji babanku, “ya sallame mu.”

Na fashe da dariya, hawaye na zuba, mutane suna kallon mu. Wani abu da ya tokare mini ƙirji tun ranar da muka tashi ya sauka, nan take na ji yunwa. Muka shiga shagon mamak da ke kusa da tasha, irin na Indiyawa Musulmi masu gurasar roti da shayi. Tun zuwanmu ƙasar nan babanku ne yake faɗa wa mai kawo abinci abin da za mu ci mu biyu, ban taɓa kawo komai a raina ba. Ranar ya ɗaga hannu ya kira mutumin, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dakata ya juyo.

“Saratu, me za ki ci?”

Na ɗaga kai na dubi allon abincin da ke bango. Na daɗe ina dubawa, mai kawo abinci yana tsaye yana buga biro a tafin hannu, babanku kuwa ya harɗe hannuwa a kan rigarsa mai taɓo, yana jira.